Tukunyar Iya da Dattin Nukiliya

Wasiƙar ta same ni ranar Talata da hantsi, ina wanke cokalin gini a ɗakin gwaji. Tsoho Goran, mai kula da kayan aikinmu, ya ƙwanƙwasa gilashin ƙofa, ya ɗaga ambulan sama don in gani. Tun daga nesa na gane kan sarkin gida. Amma a wurin nan ba a fita da gaggawa. Sai da na tuɓe safar hannu, na cire farar riga da takalman roba, na wanke hannu sau biyu, na miƙa tafukana gaban na'ura ta duba su, sannan na ƙetare rawayan layin da aka ja a ƙasa.

Rubutun mijin Yaya Asabe ne. Bayan gaisuwa, ya ce in yi haƙuri, Allah ya yi wa Iya rasuwa. Da na duba ranar, na ga har an yi sadakar arba'in kafin takardar ta iso hannuna.

Akwai sauran bayani a bayan takardar, zan zo kansa. Amma sai na fara faɗin abin da ya kai ɗan mai dafa gishiri wannan wuri.

A Awe aka haife ni. Iya tana da filinta a fadamar gishiri, kamar yadda uwarta ta yi. Ba ta yarda da tukunyar kasuwa ba, ita ke gina nata. In ta gama sabuwa sai ta cika ta da ruwan gishiri, ta ajiye kwana uku, sannan ta durƙusa ta lashi bayanta. In ta ji ɗanɗanon gishiri sai ta ce, "Wannan tana gumi," ta fasa ta a wurin. In ba ta ji komai ba, tukunyar ta shiga aiki. Na taso ina ganin haka, ban taɓa ɗaukarsa ilimi ba.

Karatuna bai yi nisa ba. Makarantar koyon sana'a na yi a Lafia, na sami aikin gwada ƙarfin bulo da siminti, lokacin muna ƙarƙashin jihar Filato. A shekarun da gwamnati ke tura ƙananan ma'aikata waje su ƙaro sani, sunana ya fito. Ƙasar da aka tura ni tana gabashin Turai. Yanzu babu ita, ta rabu gida-gida, shi ya sa ma ba na son kiran sunanta.

Mu biyu muka sauka daga yankinmu, ni da Terna, Tibi ne daga wajen Ashige, shi walda ya je koyo. A tashar jirgin ƙasa ta babban birninsu wani mutum mai hular ma'aikata ya tarbe mu da fara'a, ya karɓi akwatina, ya nuna mana benci da hannu alamar mu jira. Muka zauna muna yaba kirkin mutanen ƙasar. Har yau bai dawo ba. Rigunan sanyina, da yajin da Yaya Asabe ta daka, da hoton gidanmu, duk suka tafi. Abin da ya tsira shi ne ɗan ƙullin gishirin Awe da Iya ta ba ni, don a aljihun rigata yake.

Terna ya dube ni, ya dubi nasa akwatin da ya zauna a kai, ya ce, "Ɗan gishiri, ka ga amfanin rowa? Ni ban ba kowa kaya na ba."

Daga ranar sunan ya bi ni. Shi ne kuma ya raba rigunansa biyu ya ba ni rabi. Hannun rigar bai kai mini wuyan hannu ba, haka na yi sanyin farko.

Wata shida muka yi muna koyon yarensu a wani gari mai yawan hazo. Ba zan tsaya a kansa ba. Burodi da kabeji, kabeji da burodi. Ran Juma'a nakan kwance ƙullin Iya, mu ɗan barbaɗa a kan dankali, mu ci a hankali. Terna yakan rufe ido ya ce yana jin ƙamshin kasuwar Lafia.

Daga nan aka kai mu wata cibiyar bincike a bayan gari, kusa da babban kogi. Na zaci gada ko dam za a koya mini. Sai aka miƙa ni ga wata injiniya, Madam Nada, doguwa mai furfura, ba ta dariya a wurin aiki. Ta ɗaga wata kwalba mai ruwa garai-garai ta ce in duba.

Ta ce injin nukiliya, kamar kowane inji, yana da datti. Wani dattin ruwa ne. A ido kamar ruwan sha, amma yana fitar da wani tiriri da ba a gani, ba a jin warinsa, yana cin jikin mutum a hankali. Ba a zubar da shi a kogi, ba a ƙona shi, kuma ƙarfinsa ba ya mutuwa sai bayan jikokin jikoki. Ruwa kuwa ba ya zama wuri ɗaya, ko tanki ya tsufa sai ya sami hanya. Saboda haka aikinmu shi ne mu ɗaure shi. A kwaɓa shi da siminti ya daskare ya zama dutse, ko a haɗa shi da yumɓu a gasa ya zama kamar tangaran, sannan a binne. In ruwan sama ya kai ga dutsen wata rana, kada ya iya wanko dafin.

"An ce ka san siminti," in ji ta. "To, ka hana shi sakin abin da aka ba shi ajiya. In ka iya, ka tafi da takardar shaida. In ba ka iya ba, ka tafi da gaisuwa."

Mu masu koyo ba a ba mu ruwan gaske. Ana haɗa mana wani mai kama da shi, gishiri iri-iri a ciki, amma babu tiririn. Shi ake kira mai sanyi, ana ɗiga wa tubalinsa shuɗin fenti. Na gasken shi ne mai zafi, nasa fentin ja. Muna zuba kwaɓin a 'yan gwangwanaye kamar na madara, in ya daskare a cire, a jefa kowane tubali a kwalbar ruwa mai tsabta. Bayan makonni a auna ruwan, a ga nawa ya tsere. Doka ta farko kuma, wadda aka sa na maimaita har sau uku: daga rawayan layi zuwa ciki, babu abin da ke taɓa baki. Ba ruwa, ba taba, ba cizon biro.

Na fi wata takwas ina kwaɓi, ruwan yana ƙin zama. Gishirin da ke cikinsa ba ya shiri da siminti. Wani tubalin ya tsage, wani ya yi fari-fari a jiki, wani ya fito sumul kamar ƙwai, in yi murna, bayan mako uku awo ya dawo ya ce ya zubar. Jiran ne ya fi ci mini rai. Kowane kuskure sai ya cinye mako uku kafin in san kuskure ne, kwanakina kuma suna ƙarewa.

Wata safiya na jera sababbin tubala goma a kan kanta, duk masu shuɗin fenti. Na tsaya ina kallonsu. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Na ɗauki na farko, na kai baki, na lashi gefensa. Babu komai. Na biyu, ga gishiri nan sarai. Ina kan na shida na ji kwano ya faɗi a bayana. Tsoho Goran ne, fuskarsa ta koma kamar takarda.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Aka buga ƙararrawa, aka fitar da kowa. Aka wanke mini baki har dasashina ya yi jini. Aka kwantar da ni a wani ɗaki mai bangon ƙarfe, na'ura tana bin jikina tana ƙara kamar gyare. Kwana uku ina tara fitsari a kwalba ina kai musu. Sakamako ya fito babu komai a jikina, tunda masu sanyi na lasa. Amma dokar na riga na karya ta.

Terna ya zo ɗaki ya tsaya a kaina, hannu a ƙugu. "Isiyaku, gwamnati ya saka ka a jirgin sama, ya kawo ka har nan, ka zo ka lashi bulo? Bulo ya ƙare a Lafia ne? Abeg, in yunwa ne ka faɗa mini, ina da kabeji."

Na yi dariyar yaƙe. Na san abin da ake nufi da a mayar da mutum gida hannu wofi. Iya ta riga ta gaya wa duk matan fadama cewa ɗanta ya tafi karatu.

Aka kira ni ofis. Mai kula da tsaron lafiya ya riga ya rubuta takardar kora, saura sa hannun Madam Nada. Ta ce in zauna.

"Guda nawa ka lasa?"

"Shida."

Mai tsaron ya dafe kai.

"Don me?"

Da guntun yarensu da guntun Turanci na ba ta labarin Iya da tukunya mai gumi. Na ce ban yi don raini ba, hannuna ne ya riga tunanina. Ta jawo takarda.

"Waɗanne ne suke gumin?"

"Na biyu, na uku, da na biyar. Na biyar ya fi."

Ta rubuta, ta ninke, ta jefa a aljihun tebur ta kulle. Ta ce a saka tubalan shida a ruwa kamar kullum. Kafin awo ya fito ba ni ba ƙetare layi. Aka ba ni tsintsiya, aka tura ni sharar ɗakin gasa yumɓu.

A wannan sharar ce na ga wani abu. A lungu akwai tarin fasassun tangaran, gwajin masu sanyi da suka lalace a wuta, ana jiran a zubar. Na ɗauki ɓallin guda ina juyawa, sai na tuna Iya ba ta zubar da tukunyar da ta fasa. Takan tattara tsingaron ta daka a turmi, ta zuba garin a sabon yumɓu. Na riƙe abin a raina.

Bayan mako uku Madam Nada ta kira ni. Takardu biyu a gabanta, tata da ta awo. Na biyu, na uku, na biyar. Na biyar ya fi.

"Harshenka ya yi gaskiya," in ji ta. "In ka sake, da hannuna zan kai ka filin jirgi. Ka ji?"

"Na ji, Madam."

Ta yaga takardar korar. Ganin haka na yi ƙarfin hali na faɗa mata zancen garin tsingaro. Ta ce gasasshen yumɓu a siminti ba sabon abu ba ne, yana cikin littattafai, sai dai ba su gwada shi da wannan ruwan ba. Ta ce in gwada. Ta kuma ce, "Rubuta wa mahaifiyarka. Ka tambaye ta komai, daga farko har ƙarshe. Kada ka bar abin da kake ganin ƙarami ne."

Na rubuta a ranar. Kafin amsa ta zo na daka tangaran na gwada da kaina har sau biyu. Duk suka tsage, har sun fi na da lalacewa. Lokacin da ya rage mini bai fi na kwaɓi ɗaya ba.

Amsar ita ce wasiƙar ranar Talata.

A bayan takardar mijin Yaya ya rubuta cewa wasiƙata ta sami Iya da ranta da lafiyarta. Da aka karanta mata inda na lashi siminti, ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce, "Ashe yana kallo. Ni na zaci ƙuli-ƙulina kawai yake jira." Sannan ta ce a rubuta mini abu uku. Na ɗaya, tsingaro ba a barinsa da tsakuwa. A daka shi ya yi laushi kamar garin tuwo, a tankaɗe da tsohon ɗankwali, kuma ya kwana a ruwa kafin a haɗa, in ba haka ba zai shanye ruwan yumɓun ya tsaga shi. Na biyu, sabuwar tukunya ba ta son rana, ba ta son iska. A lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar ciyawa a inuwa, a riƙa juya ta kowace safiya, kada a yi mata gaggawa ko mai saye yana tsaye a ƙofa. Na uku, ta ce wannan ba na baki ba ne, na hannu ne, in na dawo za ta nuna mini. Bayan kwana tara zazzaɓi ya kama ta. Kwana huɗu ta yi.

Na ninke takardar na sa a aljihu. Tsoho Goran yana tsaye yana kallona. Na faɗa masa da kalma biyu da na sani. Ya cire hularsa.

Ban ƙara yin aiki ranar ba. Na koma ɗaki na yi alwala, na yi mata addu'a iyakar abin da na iya. Terna ya bar waldarsa ya zo ya zauna a bakin gadona har la'asar. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, sau ɗaya ya yi magana. "Iya naka ya ba ni gishiri, ban taɓa ganin shi ba. Allah ya jiƙan shi."

Washegari Tsoho Goran ya hau matakala hawa huɗu da ƙafarsa mai ciwo, ɗauke da kwano a lulluɓe. Dafaffiyar alkama ce da sukari da gyaɗar ƙasarsu. Ya ce haka suke yi in an yi rashi, kowa ya ci cokali ɗaya ya ambaci sunan mamacin. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Mu muna zuba giya a kai. Na ce wa matata kada ta zuba, na ɗan Musulmi ne." Ya tambayi sunanta. Na ce Ladi. Ya ci cokalinsa, ya faɗi sunan a karkace, ya miƙo mini.

Ran Alhamis na koma aiki. Na daka tangaran kwana biyu. Ba ni da ɗankwali, sai na yanka bayan tsohuwar singiletina na tankaɗe da ita. Na jiƙa garin ya kwana. Na kwaɓa, na zuba gwangwani goma sha biyu. A ɗakin gwajin, al'adarsu bayan mako ɗaya a fito da tubala a jera a kanta, ga bututun ɗumama ɗaki yana busar da iska. Na roƙi Madam Nada a bar nawa a ɗakin ƙasa. Ciyawa ba ta ƙetare layi, don haka na jiƙa buhunan algarara na lulluɓe su. Kowace safiya in sauka in juya su ɗaya bayan ɗaya. Wasu ma'aikatan suka riƙa tsokanata, wai yaya jarirai suka kwana. Sai in ce lafiya lau, sun gode.

Mako huɗu suka yi a lulluɓe. Da na buɗe, babu tsaga, babu farin nan. Tsoho Goran ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Riƙe harshenka."

Aka saka su a ruwa. Awon farko ya dawo, Madam Nada ta ce a sake, ba ta yarda ba. Aka sake. Abin da ya tsere kaɗan ne ƙwarai, bai kai na kowane kwaɓi da aka taɓa yi da wannan ruwan a ɗakin ba. Sai ta sa aka ƙara mini lokaci, ta ce za a gwada da mai zafi.

Wannan ba a taɓa shi da hannu. Ana tsayawa bayan gilashi mai kaurin bango, a yi aiki da dogayen hannuwan ƙarfe. Tsoho Goran ne ya riƙe hannuwan, ni ina gefensa ina faɗa masa yawan ruwa da lokacin da kwaɓi ya yi. Ranar ce kaɗai na ga ruwan gaske. Ba shi da wata alama. Muka ɗaure shi, aka ɗiga jan fenti, aka lulluɓe.

Ranar da aka auna ruwan kwalbarsa muna tsaye mu uku, ni da Madam Nada da Tsoho Goran. Na san ƙarar na'urar nan in ta ji tiriri, kamar ruwan sama a kan kwano. Aka kai ta bakin kwalbar. Ta ce ƙas. Ta yi shiru. Can ta sake cewa ƙas. Madam Nada ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta dubi lambobin. Sannan ta miƙo mini hannu, da safar hannun da komai.

Na sami takardar shaidata. Da za a buga rahoton aikin, ta kira ni ofis ta nuna mini sunana a ƙarƙashin nata. Ta ce akwai wurin godiya a ƙarshe, yaya ake rubuta sunan mahaifiyata, kuma mene ne aikinta. Na ce Ladi, mai dafa gishiri a Awe. Haka ta rubuta, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Na fito da ƙullin Iya, saura ɗan kaɗan a ƙasan tsumman. Na ce ko za ta ɗanɗana. Ta leƙa ƙofa, ta dubi inda layin yake, ta ce, "Nan waje ne." Ta dangwala da yatsa ta kai baki. Ranar na fara ganin haƙoranta.

Na dawo gida da damina. Ƙasarmu ba ta da irin wannan datti, don haka ban sake ganin jan fenti ba. Na koma aikin siminti, na zauna a unguwar Bukan Sidi a Lafia. Tankunan ruwa da ramukan masai da na sa hannu a gininsu a Lafia ba sa yoyo, magina kuma sun san in ina wurin ba a cire jiƙaƙƙen buhu da wuri. Terna ya buɗe shagon walda a hanyar Makurɗi. Har yanzu in ya hango ni sai ya ɗaga bulo ya ce ko in ɗanɗana.

Mako na farko da dawowata na tafi Awe. Yaya Asabe ta kai ni kabarin, sannan ta kai ni fadama. Na karanta wa matan wurin layin da sunan Iya yake, na fassara musu. Suka yi guɗa, wata tsohuwa ta karɓi takardar ta juya ta, ta shafa da hannu.

Na tambaye su abu na uku. Wata ta ce ruwan ɓawon ɗorawa ne ake yayyafa wa tukunya tana da zafi. Wata ta ce a'a, Ladi ba ta yin haka, ita da wani dutse take goge cikin. Yaya Asabe ta ce abin da ta sani kawai, Iya takan shiga bayan ɗaki da tukunya ita kaɗai, ta daɗe, ta fito. Na duba bayan ɗakin. Akwai turminta, da tarin tsingaro, da tukunya ɗaya da ta gina ba ta kai ga gasawa ba.

Na taho da tukunyar zuwa Lafia, tana nan a ɗakina. Ban gasa ta ba, don ban san abu na uku ba.